Stress: wace kalma za mu ba ta da Hausa?

1/ Malamai, ku matso. Mu ɗauki irresponsibility, irin kalmar da ɗalibi ke gani a allo ya sunkuyar da kai. Gaɓoɓinta bakwai: ir-re-spon-si-bil-i-ty. Kalmar gaɓa ta zauna daram, ba mai ja da ita.

2/ Bayan yankan gaɓoɓi, yanka na biyu na ma'ana ne. Ir- ɗafa-goshi ne mai korewa, respons- saiwa, -ibil- da -ity ɗafa-ƙeya. Haka muke yi wa makaranta: ma-, karant-, -a. Nan ma manazarta Hausa sun gama mana aiki, kowane yanki ƙwayar ma'ana ne.

3/ Inda gizo ke saƙa shi ne stress. Bature ba ya furta gaɓoɓin nan bakwai da ƙarfi ɗaya. Sai ya taka "bil" sosai, ya ɗan taɓa "ir" da "spon", sauran ya bi ta kansu a guje. A responsible kuwa "spon" yake takawa. Zuwan -ity ne ya janyo ƙarfin zuwa gaɓar da ta gabace shi, kamar yadda able ke komawa ability.

4/ Wasu na cewa karin sauti. Ban yarda ba, wannan gidan da mai shi. Karin sauti ne ke raba kukan yaro da kukar miya: murya ta tsaya sama, ko ta sauko a gaɓar ƙarshe. Kowace gaɓar Hausa da nata karin, alhali a Turanci gaɓa ɗaya ce ke shugabantar kalma.

5/ Nauyi fa? Shi ma masu nazarin waƙa sun riga mu. Gaɓa mai nauyi ita ce irin "ran" ko "kai", marar nauyi irin "ma" ta makaranta. Ka ce wa ɗalibin Hausa nauyi, can hankalinsa zai tafi. Jaddadawa kuma ta magana ce, ba ta gaɓa ba.

6/ Ni dai danni na zaɓa. Malami a aji dama cewa yake yi "danna nan", yaro ya gane nan take. Kuma kalmar tana haihuwa: dannin gaɓa, dannanniyar gaɓa, babban danni a "bil", ƙaramin danni a "ir" da "spon".

Na san za a ce danna ƙasa take nufi, murya kuwa ɗagawa take yi. Gaskiya ne, amma da ƙarfin furuci na auna. Mai wadda ta fi ta, ya kawo, sai dai ya gwada ta a kan responsible da responsibility tukuna.