Auna ƙananan ƙwayoyin hayaƙi kusa da janareta: abin da muka gani

Ɗalibar nazarin muhalli: Assalamu alaikum. Ina roƙon waɗanda suka taɓa auna ƙwayoyin iska da ba su kai nanomita 100 ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita) su faɗa mana yadda aikin ya kasance musu. Na ajiye ƙaramar na'urar auna PM2.5, wato nauyin ƙwayoyin iska da ba su wuce nanomita 2,500 ba, a tsakar gidan da janareta ke aiki, amma lambobinta ba su motsa sosai ba, alhali warin hayaƙin har shaƙe mutum yake yi.

Ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje: Wa alaikumus salam, Malama. Na'urarki lafiyarta ƙalau. Irin waɗannan masu araha da haske suke gano ƙwaya, kuma abin da ya gaza nanomita 300 ba sa ganinsa. Ƙwayoyin da kike nema ba su da nauyin a zo a gani, shi ya sa ƙirga su ake yi maimakon auna nauyinsu. Ni da na'urar ƙirga ƙwayoyi mai suna P-Trak nake aiki, wadda ke bi da iska ta cikin tururin sinadarin isopropyl, tururin ya taru a jikin ƙwayar har ta kumbura, sannan haske ya ƙirga ta. Ana tada janareta, lambar da ke kan allonta takan yi sama nan take. Sai dai tana buƙatar lallaɓawa, domin idan aka karkata ta sinadarin yakan malala cikin idonta, a lokacin zafi kuma lagwaninta mai riƙe sinadarin da wuri yake bushewa.

Malamin kimiyya: Malama, ki kula da bututun zuƙo iskar. Na gwada dogon bututun roba da gajere mai hana taruwar cajin lantarki a wuri ɗaya, dogon ya ba da ƙidaya ƙasa da ta gajeren, saboda ƙananan ƙwayoyin suna mannewa a bangonsa kafin su isa na'urar.

Jami'ar lafiyar muhalli: Ni a bakin titi na yi nawa awon cikin hunturu. Hazo yakan ɗaga PM10, wato nauyin ƙwayoyin da ba su wuce nanomita 10,000 ba, ƙwarai, amma ƙidayar ƙananan ƙwayoyin ta fi bin cunkoson motoci da adaidaita sahu, musamman da sassafe da bayan magariba. Wannan ya dame ni, domin a wurin masu talla da yara 'yan makaranta suke tsayuwa. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021 ta ɗauki matsakaicin da ya wuce ƙwayoyi 20,000 a santimita kubik cikin awa ɗaya a matsayin mai yawa, don haka ki riƙa rubuta lokacin kowane awo da inda iska ke kaɗowa.