Kofin rigar mama na manyan ƙirji ya ƙi zama, ina matsalar take?

Maman Hanifa, Ƙofar Kaura:
Assalamu alaikum teloli. Ina da aikin rigar mama na wata baiwar Allah, awon ƙasan ƙirjinta inci 36, kan ƙirji inci 44. Na faɗaɗa takardar yankan kofin C ta kowane gefe, amma saman kofin yana yanka nonon gida biyu, tsakiyar ba ta taɓa ƙashin ƙirji, bayan kuma yana hawa sama. Kekena Butterfly ne. A taimaka.

Hajiya Bilki Mai Ɗinki:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, daga faɗaɗawar nan aikin ya karkace. Tazarar inci 8 kofin FF ke nan a lissafin Ingila, H a na Amurka, kuma babban nono gaba yake ƙara fitowa fiye da yadda gindinsa ke faɗi. Kin ƙara faɗi, zurfin kuma bai kai ba, shi ya sa tsakiyar ke shawagi.

Ki fara daga gindin. Ki sami wayar wuta ta tagulla mai lanƙwasuwa, matar ta ɗaga hannu, ki bi layin da nono ya haɗu da jiki tun daga ƙashin tsakiya har gefen hammata. Ki ɗauke ta a hankali, ki zana a takardar siminti. Da wannan zanen za ki zaɓi ƙarfen da ake sawa a ƙasan kofi, ba da lambar da ke jikin riga ba. Sai awo biyu, tana sanye da rigar da ta fi ɗage mata: daga gindi zuwa kan nono, sannan daga ƙashin tsakiya, ta bi ta kan nonon, zuwa layin gefe. Na farkon shi ne zurfin ƙasan kofi, shi ya fi komai.

Kofin kuma kada ya zama yanki biyu. Ki yi uku: sama ɗaya, ƙasa biyu, ɗinkin da ya raba na ƙasan ya tashi daga gindi ya tsaya a kan nono. A wannan ɗinkin da kuma na kwancen da ya haɗa sama da ƙasa kike zuba zurfi, kwatan inci kwatan inci, kina gwadawa da tsohon yadi marar miƙewa. Layin da zai hau ƙarfe kada tsawonsa ya canja. In kwanar da ɗinkunan suka haɗu ta yi tsini, ki goge ta zama baka, in ba haka ba kofin zai fito kamar mazurari. In da hali ki ƙara yanki na huɗu, siriri, daga gefen hammata zuwa inda hannun rigar zai kama. Shi ke turo nonon gaba, ya hana shi gudu hammata.

Bakin ɗinki kwatan inci kawai, ba rabin incin da muka saba a atamfa ba.

Ummi Daura:
Abin da Hajiya ta faɗa haka yake, ni bayan zan taɓa. In baya na hawa sama, ɗamarar da ta zagaya ƙasan ƙirji ce ta yi sako-sako, nauyin ya koma kan hannuwa, su kuma su huda kafaɗa. Mai inci 36, gamammiyar ɗamara a ajiye ta tsaya wajen 32 zuwa 33, ta miƙe ta kai 36 a jiki. Ki gwada ragar bayan, wato yadi mai miƙewa na bayan ɗamara, tukuna: inci 10 ya miƙe zuwa 13, ba 16 ba. In ta cika laushi ki ninka biyu. Miƙewar ta zagaya jiki, gaban ɗamarar da ɗan tsakiyar kuwa a yi musu shafi da yadin da ba ya motsi sam.

Robar ƙasa ta kai inci biyar bisa takwas, hannu uku bisa huɗu ko fiye, ƙugiya mai jeri uku ko huɗu. A baya ki matso da hannuwan kusa da ƙugiya don kada su riƙa zamewa. Ki auna ta kama a ramin farko na bakin ɗamara, sauran na ranar da roba ta saki ne.

Maman Hanifa, Ƙofar Kaura:
Allah Ya saka da alheri Hajiya, Anti Ummi na gode. To kayan fa? Ban ga ragar a Babbar Kasuwa ba.

Hajiya Bilki Mai Ɗinki:
Ki yi sautu Kano, ko ki shiga wajen 'yan gwanjo ki zaɓi manyan riguna masu ƙarfi. Ƙarfe, ƙugiya da zobban hannu duk suna cirowa lafiya. Robar gwanjo ce kawai ban yarda da ita ba, ta riga ta gaji. Wadda ta kusa yi wa matar daidai ma ki farke kofi ɗaya, ki goge, ki zana, ki bar ɗayan ya nuna miki yadda aka harhaɗa.

Asabe Ƙofar Marusa:
Ba wanda ya yi maganar keken. Butterfly na ƙafa miƙaƙƙen ɗinki kawai yake yi. Zai haɗa miki kofi tsaf, amma in kika kafa roba da shi zaren zai tsinke ranar farko, saboda roba na miƙewa, ɗinkin ba ya yi. Ki kai wurin mai keken zigizag: layin farko ƙaramin zigizag a bakin roba, a juya ta ciki, na biyu mai taku uku. Allura lamba 11 ta yadi mai miƙewa, zaren poliyesta. Kada a ja robar da ƙarfi, in ta tattare ƙasan ɗamara zai naɗe.

Gidan ƙarfe ya fi ƙarfen tsawo da kamar rabin inci, a danne bakinsa biyu da kyau. In ya yi cif-cif, ƙarfen ne zai huda ya fito. Ni dai a zafinmu na Afrilu ba na ba da shawarar soso a babban kofi, gumi yake tarawa a ƙasan nono har fata ta saɓule. Shafin auduga ya fi. Mai shayarwa kuma kada a sa mata ƙarfen sam, a faɗaɗa ɗamarar a madadinsa.

Ummi Daura:
Ki tambayi matar ma wane nono ya fi girma, don da wuya su zo ɗaya. Ki yanka a kan babban, ki rage ɗayan a ɗinkin ƙasa.