Muhawara: makin Domain Authority ne ma'aunin mahaɗan da ke shigowa shafi?

Malam Sani: Jama'a, ni dai ina nan kan bakana. Wanda ke son sanin ƙarfin mahaɗan (wato links, waɗanda ake latsawa su kai mutum wani shafi) da wasu shafuka suka yi zuwa nasa, ya duba makin Domain Authority na Moz, kamfanin da ke auna ƙarfin shafuka, ya wadatar. Daga 1 zuwa 100 ne, mai maki da yawa shi ke hawa sama a Google.

Hajiya Rabi: Malam, a nan kam ban bi ka ba. Makin nan na Moz ne, Google ba ya aiki da shi, ma'aikatan Google ɗin sun sha faɗin haka. Haka Domain Rating na Ahrefs da Trust Flow na Majestic. Kowane kamfani da manhajarsa mai zagaya intanet, abin da ta tarar shi take ƙirgawa, shi ya sa shafi ɗaya zai ba ka adadi uku a wuri uku. Makin Google kansa, PageRank, tun 2016 aka daina nuna shi.

Injiniya Bashir: Ko jimillar mahaɗan ma tana ruɗin mutane. A ce gidan yanar gizo mai shafuka 5,000 ya sa adireshinka a can ƙasan kowane shafi. Manhaja za ta ce mahaɗai 5,000, alhali gida ɗaya ne ya ambace ka. Gidaje daban-daban ake ƙirgawa. Ka shiga Search Console, manhajar Google da ke nuna wa mai shafi bayanan shafinsa, ɓangaren mahaɗai, ka sauke jerin, yana kaiwa layi 100,000. Ka cire maimaici, ka buɗe kamar talatin da hannunka: mahaɗin a cikin rubutu yake ko a gefe? Shafin da ya ɗauke shi yana cikin kundin Google? Batunsa ya yi kusa da naka? Wace kalma aka rataya mahaɗin a jikinta?

Malam Sani: To ai Search Console naka kaɗai zai nuna maka. Na abokin gasa fa, Injiniya?

Hajiya Rabi: Wannan gaskiyarka ce, a nan manhajojin kuɗi ke da amfani. Sai dai a gwada shafukan biyu da manhaja ɗaya, rana ɗaya. Kuma makin ba a jere yake hawa ba: daga 20 zuwa 30 ya fi daga 70 zuwa 80 sauƙi nesa ba kusa ba. Ga wani giɓi kuma, rahoton Search Console ba ya ware masu alamar nofollow, wato alamar da mai shafi ke sa wa mahaɗi don Google kada ya ƙirga shi a matsayin goyon baya.

Injiniya Bashir: Su ai sifili nake ba su. Mahaɗan waje na Wikipedia ma duk nofollow ne.

Hajiya Rabi: A da, daga 2005, haka Google ma yake ɗaukar nofollow. Amma a 2019 Google ya ce ya mai da alamar shawara, ba umarni ba, ya ƙaro alamar sponsored ta mahaɗan talla da ugc ta waɗanda masu ziyara suka sa. A ware su a nasu layin, kada a zubar.

Malam Sani: Har yanzu ina ganin maki na taƙaita aiki.

Injiniya Bashir: Matsalarsa, Malam, ana iya hura shi da mahaɗan saye. Penguin, tsarin Google na gano mahaɗan bogi, ya fito a 2012 don irin wannan, daga 2016 kuma yawanci watsi Google ke yi da su. Sai maki ya tashi, baƙi ba su ƙaru ba. Idan ka ga gidaje ɗari sun shigo cikin mako guda da kalma iri ɗaya, fara duba ɓangaren hukuncin hannu (hukuncin da ma'aikatan Google ke yanke wa shafi da kansu) a Search Console kafin ka taɓa Disavow, wato wurin da ake ce wa Google ya yi watsi da wasu mahaɗai.