"Gudun gara an tadda zago": ta dace da ɗalibin likitanci da gem ya riƙe lokacin kulle?

Mai tambaya: Jama'a ku raba mu gardama. Ƙanina ɗalibin likitanci ne, lokacin kullen korona a 2020 an dakatar da su zuwa asibiti koyon aiki, darasi ya koma intanet, jarabawa ba a san ranarta ba, sai ya faɗa PUBG, wani gem na harbe-harbe da ake yi a waya, wai yana rage damuwa. Ƙarfe uku na dare ina hango hasken waya ta ƙasan ƙofarsa, littafin anatomi (ilimin sassan jikin mutum) kuwa sati guda a shafi ɗaya. Na ce masa gudun gara ya tadda zago, ya ce sam ba wurinta ba ne.

Malamin Hausa: Kin faɗe ta daidai. Zago ai babbar gara ce, ɓarna iri ɗaya amma ta fi girma, wato mutum ya guje wa matsala ya faɗa wadda ta fi ta. Ya guji damuwar karatu, yanzu ga karatun ya taru ga rashin barci.

Tsohuwar ɗaliba: Malam ni ban yarda gaba ɗaya ba gaskiya, ni ma na yi kullen nan ina aji huɗu kuma wallahi gem ɗin ne kaɗai inda nake jin muryar ƴan ajinmu, har Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta mara wa kamfen ɗin kamfanonin gem mai suna PlayApartTogether baya a Maris 2020 don mutane su zauna gida. Ba kowa ne ya tadda zago ba.

Wani: To "sabo turken wawa" fa?

Tsohuwar ɗaliba: A'a don Allah, kar a kira yaron da tsoro ya cika wa ciki wawa, yana jin ana lissafa likitocin da cutar ta kashe kuma aikin da zai shiga kenan.

Malamin Hausa: Na karɓi wannan. Amma ita WHO ɗin ta sa matsalar gem cikin kundin cututtuka ICD-11 tun 2019: mutum ya kasa tsayawa, ya fifita gem kan komai, ya ci gaba duk da yana ganin illa, yawanci tsawon wata 12.

Mai tambaya: Nasa bai kai shekara ba, amma an koma makaranta bai daina ba, sai da ya sake rubuta jarabawa ɗaya. Yau zan zauna da shi in tambaye shi me yake gudu tun farko, don ban taɓa tambayarsa ba.