Shekarata 47, ina son shiga gudun fanfalaki na Legas, amma agara ta fara ciwo

Baban Ummi, Tudun Wada, Zariya:

Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Shekarata 47, nauyina kilo 88, rabona da buga ƙwallo ya kai shekara 15. Ina shan maganin hawan jini ƙwaya ɗaya kullum da safe. Mako uku ke nan ina fita gudu kullum bayan sallar asuba, in nufi wajen Ƙofar Doka in juyo, wayata tana nuna kilomita 5. Burina in shiga gudun fanfalaki na Legas mai kilomita 42 a watan Fabrairu, saura wata biyar. Abu biyu ke damuna. Kafin minti goma haki ya ci ƙarfina. Sannan agarar ƙafar dama, in na sauko daga gado da asuba sai na yi ɗingishi kafin ta saki. Takalmin na gwanjo ne. In ci gaba a haka jiki zai saba, ko akwai gyara?

Dakta Binta, Samaru:

Wa alaikumus salam, Baban Ummi. Allah ya ƙara lafiya, niyya ce mai kyau, kuma motsa jiki yana cikin abin da ke saukar da hawan jini. Amma kafin a yi maganar kilomita, ka koma wurin likitan da ya ɗora ka a kan maganin, ka gaya masa abin da ka gaya mana. A auna jini, a auna suga, a duba ƙoda, a yi maka awon bugun zuciya na ECG. In ka samu abin awo a gida, ka riƙa aunawa safe da yamma har mako guda, kana zaune ka huta minti biyar, ka rubuta a takarda ka tafi da ita. Abin da ake so ya zauna ƙasa da 140/90. Ranar da ya kai 180/110 babu gudu, asibiti za ka.

Duba sunan maganin a jikin kwalinsa, don yana da tasiri. Irin su atenolol da propranolol suna danne bugun zuciya, agogon hannu mai auna bugun zuciya zai nuna maka lamba ƙasa-ƙasa alhali ka wahala. Masu sa fitsari kuma suna rage ruwan jiki tun kafin ka fara gumi. Kada ka daina ko ka canza da kanka.

Abubuwan da in ka ji su za ka tsaya nan take: nauyi ko matsi a ƙirji, ciwon da ke sauka hannun hagu ko ya hau muƙamuƙi, jiri, bugun zuciya da ya rikice, ko numfashin da ya ƙi dawowa bayan ka tsaya. Kuma don Allah kada ka haɗiye diclofenac ko ibuprofen don ka samu ka yi gudu. Suna ɓoye ciwon agarar, suna iya ɗaga jini, kuma in sun haɗu da ƙarancin ruwa ƙoda ce ke shan wuya. Zazzaɓin cizon sauro ma haka, sai ka gama magani, zazzaɓi ya tafi, ƙarfi ya dawo, sannan ka soma da tafiya.

Malam Lawal, mai gashin ƙashi, Hanwa:

Yaya, wannan ɗingishin na asuba da ke sakewa in an ɗan taka, alama ce agara ta ɗauki aikin da ya fi ƙarfinta. Ga dalili. Zuciya da huhu suna saurin sabawa, cikin 'yan makonni za ka ji numfashi ya gyaru. Agara da sauran jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi kuwa jini kaɗan ke ratsa su, sai an yi watanni kafin su yi ƙwari, kuma bayan shekara arba'in abin yana ƙara jinkiri. Kowane taku na gudu ƙafa tana karɓar ninki biyu zuwa uku na nauyin jiki. Kilo 88 ne, kullum, babu hutu, a kan kwalta. In ka ce za ka danne ka ci gaba, ciwon mako biyu zai koma na wata shida.

Ka ajiye gudu kwana 10 zuwa 14. Ba kwanciya za ka yi ba, ka riƙa tafiya da sauri ta minti 30 a wuri mai laushi, ko ka hau keke. A ciki za ka fara ɗage: ka dafa bango, ka ɗaga dugaduganka biyu sama, ka sauko a hankali kana ƙirga uku. Sau 15, zubi uku, rana ɗaya a yi rana ɗaya a huta. In mako ya zagayo babu ƙari a ciwon, ka hau da ƙafa biyu ka sauko da ta dama ita kaɗai. Daga nan sai a ƙara nauyi, jakar goyo da littattafai a ciki ta wadatar. Ka yi wani zubin gwiwa a miƙe, wani kuma gwiwa a ɗan lanƙwashe, don tsoka biyu ce a bayan ƙwauri, kowacce da yadda take kama aiki.

Taɓa wurin da yatsa ka ji. In ciwon yana sama da diddige da kamar faɗin yatsa biyu zuwa uku, nan gaba za ka iya yin ɗagen a bakin matattakala, diddige ya sauka ƙasa da ita. In kuwa daidai inda agara ta manne da ƙashin diddige ne, a ƙasa shimfiɗaɗɗiya kawai za ka yi, kuma ban da ja da ƙarfi, matse wurin yake yi. Ma'aunin shi ne safiya: ɗan ciwo lokacin atisaye ba laifi, muddin washegari bai fi na jiya ba. In wurin ya kumbura ya yi zafi, ko ka ji kamar an jefe ka da dutse a bayan ƙafa, ka je a duba ranar. Wani abu da ake mantawa, ciprofloxacin da ake yawan ba mutane don taifot yana raunana agara har ta iya tsinkewa. In ka sha shi kwanan nan ka faɗa wa likita.

Koci Ɗanladi, Sabon Gari:

Alhaji, gaskiya ɗaya ce, kilomita 42 a wata biyar ba naka ba ne bana. Masu shiri na mako 16 zuwa 20 da kake jin labari, mutane ne da dama suna gudun kilomita 25 ko 30 a mako. Kai yanzu kake aza harsashi. Tsarin da ya dace da kai: kilomita 10 a Fabrairu, rabin fanfalaki mai kilomita 21.1 zuwa ƙarshen shekara mai zuwa, cikakken kuma Fabrairun da ke biye. Akwai ma tseren Okpekpe a jihar Edo, kilomita 10 ne, amma hanyarsa hawa ce, sai ƙafa ta yi ƙwari.

Hakin nan ba rashin lafiya ba ne in likita ya wanke ka, saurin ne ya yi yawa. Tsohon ɗan ƙwallo ya saba da fizga, shi kuwa wannan sassarfa ce. Gwajin mai sauƙi ne: in ba za ka iya gaisawa da mutum cikakkiyar gaisuwa kana tafe ba, har ka tambayi iyali da aiki, to ka rage. A lissafin da aka saba na iyakar bugun zuciya a minti, a cire shekaru daga 220, naka ya kama 173, yawancin gudunka ya tsaya tsakanin bugu 115 da 135 a minti. Kintace ne, bakinka ya fi agogo faɗin gaskiya. Kashi takwas cikin goma na gudunka a haka zai kasance.

In Malam Lawal ya sallame ka, kwana uku a mako: Talata, Alhamis, Asabar. Fara da tafiya minti biyar. Makon farko da na biyu, sassarfa minti 1, tafiya minti 2, sau 10. Na uku, 2 da 2, sau 8. Na huɗu ka koma kamar na biyu, wannan makon sauke kaya ne, kuma kowane mako na huɗu haka za ka yi. Daga nan 3 da 1, 5 da 1, 8 da 1, har ka haɗa minti 30 ba tsayawa wajen mako na 10. Sannan Asabar ta zama ranar dogon zango, kana ƙara minti biyar duk mako, sauran biyun su tsaya a minti 30. Jimillar mako kada ta ƙaru da fiye da kashi 10 cikin 100. Kada ka ƙara nisa da sauri a mako ɗaya, a nan ne sauri ke haifar nawa. Litinin da Juma'a minti 20 na ƙarfafa jiki: tashi-zauna daga kujera, hawa matattakala da ƙafa ɗaya, kwanciya rigingine a ɗaga ƙugu, kowanne sau 10 zubi uku. Hawan dutsen Kufena ka bar shi tukuna, hawa agara yake ci.

Wurin gudu ma a duba. Gefen kwalta a karkace yake don ruwa ya gangara, in kullum gefe ɗaya kake bi ƙafa ɗaya ce ke ɗaukar karkatar. Nemi filin makaranta ko hanyar ƙasa da ta daddale. In ka samu filin tsere na mita 400, zagaye 25 ne kilomita 10. In dole sai titi, ka fuskanci motoci, ka sa riga mai haske, don da duku-duku 'yan acaba ba sa ganin mutum.

Abu Sadik, Kongo:

Koci, ni ina ganin rabin fanfalaki zai yiwu cikin wata biyar in zai haɗa gudu da tafiya, misali 4 da 1 tun daga farko har ƙarshe.

Koci Ɗanladi:

Da ƙafarsa lafiya take, da na yarda da kai. Amma cire mako biyu na jinya, cire goma na harsashi, cire biyun ƙarshe da ake rage aiki kafin tsere. Abin da ya rage bai isa a kai dogon zangonsa kilomita 16 ko 18 ba sai an yi tsalle, kuma agarar ba za ta ɗauka ba.

Maman Hanif, Palladan:

Baban Ummi, ga ɓangaren ci da sha. Gudun da bai kai awa ɗaya ba ruwa kawai yake so, kofi ɗaya ko biyu in ka tashi. Ayaba ɗaya ko dabino uku sun isa in kana jin yunwa. Ka hau sikeli kafin fita da bayan dawowa: duk kilo ɗaya da ya ragu lita ɗaya ce ta gumi, ka mayar da lita ɗaya da rabi a hankali, wato ledar fiya wata uku. A hunturu gumi yana bushewa a jiki ba ka gani, sai mutum ya ɗauka bai zubar da komai ba. Kada kuma a yi ta ɗura ruwa fiye da ƙishi, yana tsinka gishirin jini, wannan ma haɗari ne. In dogon zango ya wuce minti 75, ka riƙa cin dabino biyu ko uku duk minti 20. Tunda kana da hawan jini, ruwan gishiri da sukari sai da izinin Dakta.

A shekarunka tsoka tana buƙatar abinci mai gina jiki a kowane ci, ba da dare kawai ba: ƙwai biyu ko ƙosai da koko, wake da rana, kifi, awara ko nono da yamma. Barci awa bakwai, in za ka fita da asuba sai a rage hirar dare. Ka tuna Legas ba Zariya ba ce, a Fabrairu kana fitowa daga sanyi da busasshiyar iska, can kuwa zafi da laima, gumi ba ya bushewa. Ka rage sauri tun daga farko. Ranar da ƙura ta yi kauri a nan kuma, ka yi atisayenka a ɗaki.

Baban Ummi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba kwalin, amlodipine ne. Na haƙura da 42 ɗin bana. Saura takalmi, in jefar da shi?

Dakta Binta:

Amlodipine ba ya danne bugu kamar atenolol, lissafin Koci zai yi maka aiki. Sai dai kada ka tsaya cak in ka gama, ka taka minti biyar, don jini na iya sauka ka ji jiri. Yana kuma iya kumbura idon sawu, in ka ga haka a ƙafa biyu ka gaya wa likitanka.

Koci Ɗanladi:

Gwada shi tukuna. Ɗora shi a kan tebur ka kalle shi ta baya, in ya karkata gefe ya gama aiki. Danna soson tsakiya da babban yatsa, in ya yi tauri ko ya yi tamoji ya ƙi dawowa, shi ma haka. Takalmin gudu yakan mutu tsakanin kilomita 600 da 800, na gwanjo kuwa ba ka san nawa ya ci ba, ko da samansa na sheƙi. In za ka saya ka je da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan buɗe, da safar da za ka yi gudu da ita, ka bar faɗin babban yatsa tsakanin yatsanka mafi tsawo da bakin takalmin. Saboda agarar, zaɓi wanda diddigensa ya ɗan fi gaba tudu, kuma bayansa ba ya gurzar wurin ciwon. Safa ban da ta auduga zalla, tana riƙe gumi ta jawo bororo. Ka fara yin tafiyar mako biyun nan da shi kafin ranar sassarfa ta farko.