Ta ina zan fara rubuta tarihin kakana?

Jama'a, don Allah ina neman shawara. Kakana ya rasu wata 4 da suka wuce, Allah ya jiƙansa. 'Yan uwa suka ɗora mini rubuta tarihinsa saboda ƙananan jikoki.

Sau uku ina zama, abin ya ƙi. Sai in ga shekaru da sunaye kawai na jera, shi kansa ba ya ciki. Mutumin daji ne. Yakan durƙusa ya sa yatsa a sawun dabba ya ce, "Jikana, da asuba ta wuce, duba gefen bai bushe ba." Shi ya koya mini ɗaura ƙugiya da haƙurin jiran kifi.

Da haihuwarsa zan fara, ko da wannan sawun? Wanda ya taɓa irin wannan rubutu, yaya ya yi?