Faralel da DSP a akwatin jita: me za mu kira su da Hausa?

Mai jita, Samaru:
Salamu alaikum jama'a. Akwai yara uku da nake koya wa jita duk Asabar, jiya kuwa sun ƙure ni. Na ɗauko HX Stomp, ƙaramin akwatin gyaran sauti na kamfanin Line 6, zan nuna musu yadda ake raba sauti gida biyu: ɗaya ya wuce tas yadda ya fito daga tsirkiya, ɗayan ya bi ta amsa-kuwwa, su haɗu a gaba. Masu abin suna ce masa faralel. Ina cikin ɗora kaya a hanya ta biyu sai sunayen da suka rage a fuskar akwatin suka dushe, ba sa zaɓuwa. Ƙaraminsu ya ce, "Malam, ya lalace ne?" Na ce a'a, DSP ce ta cika. Ya ce mece ce DSP? Nan na yi tsuru-tsuru. Ku taimaka da kalma biyu.

Malamin Hausa, Kongo:
Wa alaikumus salam. Fara da mai sauƙin. Wanda sauti ke bin bulo (kowane kayan gyaran sauti da aka ɗora a akwatin) ɗaya bayan ɗaya, wato siris, sunansa jerin gwano, ba sai an yi taro ba. Inda hanya ta rabu mararraba, inda ta haɗe mahaɗa. Faralel kuma ina ganin tagwayen hanya. Kowa ya ji ta a rediyo kan titin Kaduna zuwa Kano da ya ratsa ta nan Zariya.

Mai gyaran amfilifaya, Sabon Gari:
Allah gafarta Malam, jerin gwano ta zauna daram. Amma tagwayen hanya za ta yaudari yaro. Titi in an tagwaita shi motoci sun ƙaru ke nan. A akwatin nan ko kaɗan ba haka ba ne. HX Stomp guntun lissafi ɗaya ne a cikinsa, shi ne DSP ɗin, kuma hanyoyin biyu duk a wuyansa suke. Da ya fito a 2018 bulo 6 yake karɓa, a 2020 aka sabunta manhajarsa ya koma 8, amma guntun na nan yadda yake. Gurbi aka ƙara, ba ƙarfi ba. Shi ya sa za ka ga gurbi a sake amma akwatin ya ƙi karɓar abin da kake so. Kwaikwayon amfilifaya yana da ci, wasu masu sauya tsayin murya sun fi shi, kuma duk bulon da ka mayar sitiriyo ya fi na mono nauyi.

Mai kiɗan coci, Wusasa:
To a ce raba-ƙafa mana.

Malamin Hausa, Kongo:
Ɗan'uwa, wannan ai ta 'yan siyasa ce, a bar musu kayansu.

Dattijo, cikin Birni:
Ni ban taɓa riƙe jita ba, jikana ne ya karanto mini. Amma abin da mai gyara ya faɗa na san shi tun ina yaro. Mangala ce. In za a kai taki gona, ko a ɗebo ƙasar gini, buhu ne mai aljihu biyu a ɗora wa jaki, ɗaya dama ɗaya hagu. Aljihu biyu, jaki ɗaya. Ka cika wannan ka cika wancan, bayan da zai ɗauka bai ƙaru ba. Kuma in gefe guda ya rinjayi ɗaya, kayan zamewa suke yi tun ba a fita Ƙofar Doka ba.

Mai gyaran amfilifaya, Sabon Gari:
Baba, wallahi ka gama magana. Har rinjayen ma akwai shi, domin a mahaɗa ake daidaita ƙarfin hanyoyin biyu, gefen A da na B, in ɗaya ya danne ɗaya sautin ya karkace. Kuma ga inda kalmar ta fi yi mini daɗi: Helix, babban akwatin Line 6 wanda ya fito a 2015, guntu biyu gare shi. Jaki biyu ke nan, kowanne da mangalarsa. Hanya ta 1 da jakinta, ta 2 da nata. Sau nawa ake kawo mini shi ana cewa ya cika, in duba in tarar an labta wa na farko komai, na biyu yana tsaye yana kora ƙuda. Sai kawai in tura ƙarshen hanya ta 1 cikin ta 2, in kwashe rabin kayan in mayar can.

Mai kiɗan coci, Wusasa:
Ni fa ban yarda a kira abin da na tara kuɗinsa wata da watanni jaki ba. A ce ƙwaƙwalwa. Nawa akwatin na kamfanin Zoom ne, shi rubutawa yake yi ɓaro-ɓaro cewa ya cika.

Malamin Hausa, Kongo:
Ƙwaƙwalwa tana da kyau a takarda, sai dai mun riga mun ba ta aiki a kwamfuta da waya, mutane za su ɗauka wurin ajiya ake nufi, su fara goge abubuwa. Nan kuwa maganar ɗaukar nauyi ce a lokacin da ake kiɗa. Na janye tagwayen hanya. A rubuce mu ce hanyar mangala, iyakar kuma ƙarfin ɗauka. A baki, wanda ya ga dama ya ce jaki ya ƙoshi da kaya.

Mai jita, Samaru:
Na gode ƙwarai, Baba Allah ya ƙara girma. Yanzu na gwada: a da na sa amon ɗaki guda biyu, ɗaya a kowane aljihu. Na cire su na sa guda ɗaya bayan mahaɗa, sunayen da suka dushe suka dawo, har na samu wurin amfilifaya. Sai dai wata ta taso. Da na haɗe gefen biyu sautin ya sirance kamar ana kiɗa cikin gwangwani, sai da na juya fuskar gefen B a mahaɗa ya cika. Turawa na ce wa wannan fez. Malam, Asabar na tafe.